Shagon Littattafan Gidan Kim: Me Ya Kashe All-American Girl Bayan Kashi 19?

A daren Laraba, 14 ga Satumba, 1994, tashar ABC ta Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna All-American Girl. Labarin wani gida ne na 'yan asalin Koriya a birnin San Faransisko. Maigidan, Benny Kim, da matarsa Katherine suna riƙe da shagon littattafai, ga 'ya'ya uku, ga kaka wadda kwana da tashinta a gaban talabijin ne. Tauraruwar wasan ita ce Margaret Cho, 'yar shekara 25, wadda ta fito a matsayin 'yar tsakiya, ita ma Margaret sunanta a wasan, mai kunnen ƙashi, wadda uwa ke son ta auri ɗan Koriya mai digiri ita kuwa idonta na wani wajen. Ranar 15 ga Maris, 1995 aka nuna kashi na 19, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wata shida ke nan cif.

Wasannin da ke mutuwa a zangon farko ba su ƙirguwa a Amurka, kuma yawancinsu ba wanda ke tunawa da su. Wannan ya fita daban ne saboda abin da ya biyo baya: sai da aka shekara 20 kafin wata babbar tasha ta sake yarda ta ɗora iyalin 'yan Asiya a tsakiyar wasan barkwanci, lokacin da ABC ɗin dai ta fito da Fresh Off the Boat a watan Fabrairun 2015. Yaron da aka haifa a makon da aka rufe shagon gidan Kim ya shiga jami'a kafin ya ga gida irin nasu a wannan gurbi. Shi ya sa tambayar abin da ya kashe wasan ba ƙaramar tambaya ba ce. Ni a ganina amsar tana cikin shagon nan, wanda aka gina, aka jera masa littattafai, amma aka ƙi shiga.

Kafin mu je can, sai an fahimci yadda kasuwar take. Tasha irin ABC ba masu kallo ne kwastomominta ba, masu talla ne. A cikin rabin awa, wasan kansa bai wuce minti 22 ba, sauran na talla ne, kuma farashin tallan ya dogara ga ƙididdigar kamfanin Nielsen, wanda a lokacin yake da na'urori a 'yan dubban gidaje yana auna abin da ƙasa baki ɗaya ke kallo. Masu talla kuma sun fi ɗokin 'yan shekara 18 zuwa 49. Kamfanin da ya shirya wasa, a nan Touchstone na Disney, yawanci faɗuwa yake yi a shekarun farko, domin abin da tasha ke biya ba ya rufe kuɗin da aka kashe. Ribar tana can gaba, idan wasa ya kai kashi ɗari ko kusa da haka, aka fara sayar wa ƙananan tashoshi suna maimaitawa kullum. Saboda haka wasan da ya tsaya a 19 asara ce zalla, kuma duk wanda ke da hannu a ciki ya san haka tun daga ranar farko. Tsoron wannan asarar shi ke jan akalar kowace shawara.

Yanzu ƙara wannan lissafin a kai. A ƙidayar 1990, 'yan asalin Asiya gaba ɗayansu kusan kashi 3 cikin ɗari ne na mutanen Amurka, 'yan Koriya kuwa kusan dubu 800. Ko da kowane ɗaya daga cikinsu ya zauna gaban talabijin ranar Laraba, ba za su riƙe wasan ba. Dole sai sauran kashi 97 sun kalla. Daga nan ne manyan tashar suka yanke hukuncin da nake ganin kuskure ne tun daga tushe: cewa in ana son Bature na karkarar Amurka ya kalli gidan Kim, to sai an tace gidan, an cire duk abin da zai yi masa baƙunta, an bar 'yar alama kaɗan don a san 'yan Asiya ne.

Abin da ya sa aka nemi Margaret Cho tun farko shi ne yayin da ake ciki. A shekarun nan tashoshi na farautar masu barkwancin dandamali, waɗanda ke tsayawa su kaɗai da makirufo, suna gina musu wasa. Roseanne ta fara a 1988, Jerry Seinfeld a 1989, Tim Allen a 1991, Brett Butler a 1993. Cho ta yi suna a jami'o'i da gidajen barkwanci da harshe mai kaifi, kuma abin da ya fi tashe a wasanta shi ne kwaikwayon mahaifiyarta, da muryarta, da yadda take karya Turanci, cikin ƙauna da tsokana a haɗe. An ɗauko ta saboda wannan muryar, sannan aka damƙa rubutun a hannun wasu. Gary Jacobs ne aka rubuta a matsayin wanda ya ƙirƙiro wasan. A kan allo ana cewa an gina shi ne a kan barkwancin Cho, amma ba ita ke rubutu ba, ba ita ke da ta cewa ba. Kwatanta da Roseanne, wadda ta yi faɗa har wanda ya ƙirƙiro nata wasan ya bar aikin tun a zangon farko, ta ƙwace ragama. Ita tana da shekara 35 da 'ya'ya da taurin kai na wanda ya sha wuya. Cho yarinya ce da aka gaya wa cewa wannan dama ce da ba a taɓa ba wa irinta ba.

Abin da aka yi mata, ita da bakinta ta ba da labari daga baya, a wasanta na dandamali na 1999 da kuma littafinta. Bayan gwajin kyamara, aka kira ta aka ce tasha ta damu da cikar fuskarta. A tsaya a nan a yi tunani: an ɗauki mace don ta fito a matsayin kanta, an ce fuskar ba ta dace ba. Ta shiga horon yunwa da motsa jiki, ta zubar da kusan kilo 13 cikin mako biyu, ƙodarta ta tsaya, aka kwashe ta sai asibiti. Da wasan ya fito aka fara cewa bai yi kama da na 'yan Asiya ba, sai aka ɗauko wata mai ba da shawara don ta koya mata zama 'yar Asiya: ta ci abinci da tsinkaye, ta bar takalmi a bakin ƙofa. 'Yar da iyayenta suka zo daga Koriya ake koya wa wannan. Da ƙididdiga ta ci gaba da sauka, sai aka juya, aka ce Asiyancin ne ya yi yawa. Duk a cikin wata shida.

Su kuma 'yan Koriyan Amurka, waɗanda aka zaci za su rungumi wasan, su ne suka fi kowa jin ciwo. A cikin manyan 'yan wasan, Cho kaɗai ce 'yar Koriya. Clyde Kusatsu, uban, ɗan asalin Japan ne daga Hawai. BD Wong, babban wa likita mai biyayya, ɗan asalin Sin ne. Jodi Long, uwar, tana da jinin Sin da Japan. Amy Hill, kakar, uwarta 'yar Japan ce, kuma an haife ta a 1953, wato ta girmi Jodi Long da 'yan watanni kacal, Kusatsu da ya fito a matsayin ɗanta kuwa ya ba ta shekara biyar. Dukkansu ƙwararru ne, kuma Amy Hill ita ce mutane suka fi so a wasan. Matsalar tana fitowa ne idan suka buɗe baki da Koriyanci. Masu yaren sun ce abin da ke fita ba ya fahimtuwa. Duk Bahaushen da ya taɓa kallon fim ɗin kudu, ya ga an sa wa wani hula da tsumma an ajiye shi bakin get yana gwaranci da sunan Hausa, ya san irin wannan ɗacin. Ba kuskuren lafazin ne ke ƙona rai ba, sanin cewa babu wanda ya ga ya dace a tambaye ka.

To, ga shagon. Iyayen Margaret Cho na gaskiya sun riƙe shagon littattafai mai suna Paperback Traffic a titin Polk na San Faransisko. Titin a shekarun 1970 da 1980 matattara ce ta mutanen da sauran gari ke ɗauke kai daga gare su: masu neman jinsi, masu zane a jiki, 'yan bohemiya, tsofaffin 'yan hippi. Mahaifinta marubucin barkwanci ne da Koriyanci. Ka ɗauki wannan hoton: mata da miji daga Koriya, masu riƙo da al'ada, suna tsaye bayan kanta daga safe har dare, ma'aikatansu da masu sayensu kuwa mutane ne da a ƙasarsu ba su taɓa ganin irinsu ba, ga 'yar yarinya tana girma a tsakanin kantoci tana sauraron kowa. Wannan fa shi ne wasan. Kowace rana ƙofa za ta buɗe, duniya ta shigo da ƙafarta, babu buƙatar marubuci ya ƙirƙiro dalilin haɗuwa. Amma shagon da aka nuna a talabijin tsaf yake, shiru, ba shi da unguwa, da wuya ya haifar da labari. Labarin yana falo da kicin, ko a kantin kayan kwalliya inda Margaret ke aiki da ƙawayenta. Kashi na farko: ta kawo saurayi Bature makanike, uwa ta ƙi. Kashi na biyu: ta yi shigar mace mai ladabi da sunkuyar da kai don ta burge wani saurayi ɗan Koriya. Uwa mai al'ada, 'ya mai zamani, a juya, a sake juyawa. Da za ka cire shagon ka ce uban ma'aikacin banki ne, kusan babu abin da zai canza.

Na damu da wannan ne saboda ni ɗan shago ne. A bayan kantar mahaifina na yi aikin gida na makaranta, littafin lissafi a kan buhun sukari. Na san yadda uba ke tura kwanon abinci ƙarƙashin kanta da ƙafa idan mai saye ya yi sallama, ya goge hannu a gefen riga, ya saki fuska kamar ba shi ne yanzu yake faɗa ba. Na san littafin bashi, da sunayen da ba a taɓa gogewa ba, da yadda ake sanin gidan da ke cikin matsi daga canjin abin da yaronsu ya zo saye. A gidan 'yan shago, faɗan uwa da 'ya ba ya tsayawa kan wa za a aura. Ya haɗa da wa zai tsare kanta ranar Asabar, wa aka cire wa kuɗin makaranta daga dirowa, wa ake jin kunyar abokansa su gan shi yana ɗaure kaya, wa zai gaji wurin alhali duk wahalar an sha ta ne don kada kowa ya gaje shi. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon da ke cikin kowane shagon baƙi, kuma dariya ce tsagwaronta in an iya taɓa ta.

Ga 'yan Koriyan Amurka kuwa, shago ba sana'a ba ce kawai, shi ne tarihinsu. Bayan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa, dubbai suka zo da digirinsu, suka tarar takardar ba ta ci a nan, Turanci kuma bai zauna ba. Sai suka faɗa kayan miya da 'ya'yan itace, wanki da guga, kantunan unguwa. Da yawa sun tara jari ne ta hanyar abin da suke kira kye, wanda adashe ne sak: kowa ya zuba, a kwashe wa mutum ɗaya, ya buɗe shago. Yawancin shagunan a unguwannin talakawa suke, inda haya ke da sauƙi, kuma can ne aka yi ta samun gogayya da baƙaƙen fata mazauna wurin. A 1990 an yi dogon ƙauracewa wani shagon ɗan Koriya a Buruklin. A watan Maris na 1991 wata mai shago a Los Anjeles, Soon Ja Du, ta harbe Latasha Harlins, yarinya 'yar shekara 15, kan rigimar kwalbar lemo, kotu kuma ba ta ɗaure ta ba. Ranar 29 ga Afrilu, 1992, bayan an wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, garin ya kama da wuta. Sama da mutum 60 suka mutu, shagunan 'yan Koriya sama da 2,000 aka ƙone ko aka wawashe, asararsu ta kai kusan dala miliyan 400. Har yau suna kiran ranar Sa-i-gu, wato huɗu, biyu, tara.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan wannan ne aka nuna wa Amurka iyalin Koriya masu shago a jihar Kalifoniya. Ba ina cewa wasan barkwanci na ƙarfe takwas da rabi ya koma makoki ba. Amma mutanen da hotonsu na ƙarshe a talabijin shi ne suna kan rufin shago da bindiga, ko suna kuka gaban toka, sun zauna ranar Larabar nan da yunwar a nuna su yadda suke. Abin da suka samu gida ne da ba su gane ba. Abin takaicin ma, cikin marubutan wasan akwai Elizabeth Wong, 'yar asalin Sin, wadda ta riga ta rubuta wasan dandamali na barkwanci a kan rigimar Buruklin ɗin nan. Wato sanin yana kusa, izinin amfani da shi ne babu. Ɗan Koriya kuwa, mai ɗakin da ya san inda yake yoyo, ba ya cikin masu riƙe da alƙalamin.

A nan dole in yi wa wasan adalci ta wani gefen. Nauyin da aka ɗora masa babu wasan da zai iya ɗauka. Idan wasan iyalin Turawa ya yi sanyi, wasa ɗaya ne ya yi sanyi, akwai wasu ashirin a makon. Shi wannan shi kaɗai ne, don haka kowa ya zo yana neman fuskarsa a ciki: ɗan Sin, ɗan Filifin, ɗan Biyetnam, wanda aka haifa a nan, wanda ya sauka jiya. Wasu sun ce uwar ta yi tsauri, wasu sun ce mayar da babban ɗa likita maimaita tsohon zance ne, wasu dattawa sun ce ita Margaret ɗin ce abin kunya. Kuma wasannin barkwanci da yawa da suka zama gagarabadau sun fara ne da rarrafe. Na Seinfeld kansa ya ɗauki shekaru kafin ya kama ƙasa, aka yi masa haƙuri. Gidan Kim bai samu wannan haƙurin ba daga sama ko daga ƙasa. Da faɗuwar ta zo kuma, darasin da Holiwud ta ɗauka shi ne wai Amurkawa ba sa kallon 'yan Asiya. An yi girki ba gishiri, da aka ƙi ci sai aka ce laifin shinkafar ne.

Shaidar cewa ba haka ba ne ta zo daga Kanada. A watan Oktoban 2016 tashar CBC ta fara Kim's Convenience, wani gidan Kim ɗin daban, masu kantin unguwa a Toronto. Tushensa wasan dandamali ne na 2011 da Ins Choi ya rubuta, mutumin da aka haifa a Koriya ya girma a Toronto. A can kanta ita ce tsakiyar komai: uban yana nazarin wanda zai yi sata da wanda ba zai yi ba, yana ciniki, yana tsare da dirowa, yana neman wanda zai gaje shi. Ba a tace komai ba, kuma mutanen da ba su taɓa zuwa Koriya ba suka so shi, har ya zagaya duniya ta Netflix. Ya yi zango biyar, kashi 65. Fresh Off the Boat ma, da gidan gasa naman uban a Orlando, ya kai kashi 116. Sai dai ko a Toronto tsohuwar cutar ba ta warke duka ba. Da wasan ya ƙare a 2021, Simu Liu da Jean Yoon, ɗan da uwar, sun fito fili sun koka cewa yawancin marubutan Turawa ne, kuma 'yan wasa ne ke ta gyara kurakuran al'ada da kansu.

Mu koma farkon 1995, mu ga yadda aka ƙarasa. Tasha ta fara abin da takan yi idan ta firgita. Aka gayyato manyan baƙi, Oprah Winfrey ta fito, Quentin Tarantino ma ya fito a watan Fabrairu, watan da ake auna masu kallo don tsayar da farashin talla. Aka sauke Margaret zuwa ɗakin ƙarƙashin gida don a rage zamanta da iyaye a ƙara na abokai, domin a watan Satumban da aka fara wasan ne tashar NBC ta fito da Friends, matasa shida Turawa a gidan haya, kowa kuma ya koma neman irinsa.

Kashi na 19, mai suna Young Americans, a zahiri gwajin wani sabon wasa ne aka saƙa a cikin tsohon. Margaret ta bar gida, tana zaune da samari uku Turawa. Babu Benny, babu Katherine, babu babban wa Stuart, babu ƙaramin ƙane Eric. Cikin iyalin duka, Amy Hill kaɗai aka bari ta leƙo a matsayin kaka. Shagon littattafan kuwa ya tafi tare da masu shi. ABC ta kalli wannan sabon salon, shi ma ba ta saya ba.